Temyo Mai Faci da Gardamarmu ta Shekara Goma Sha Tara

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Artemio Dimaculangan, wanda duk garinmu Tanauan ya sani da Mang Temyo mai faci, Mang kuwa kamar a ce Malam ne a wajenmu. Ya rasu a gidansa yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar ciwon hanta ta wata huɗu. Ni ne Densyo mai aski. Ni na tsaya wa 'yarsa Luningning ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Pare. Ina cikin yi wa wani aski aka aiko mini da labarin, na ajiye almakashi na fita, na bar bawan Allah da rabin kai.

Pare, na san da kana nan da ka ce rubutun nan ya yi tsawo tun ban fara ba. Ka yi haƙuri. Akwai maganar da na zo maka da ita ka hana ni faɗa, yanzu kuma ba ni da wajen faɗarta sai a takarda.

Shekara talatin da wani abu kana zuwa shagona kallon besbol a talabijin, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge da sanda. Wasannin Amurka da safe suke riskarmu, don haka kafin in gama share shago ka iso da burodi mai zafi a leda da kofi a kwalba, hannunka duk baƙin taya. Ba ka taɓa zama ka yi shiru ba. Da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci, ka ce an mai da wasan maza tseren 'yan kasuwa. Da aka fara duba hukuncin alƙalin wasa a bidiyo, ka ce an ƙwace wa talaka abin da zai yi ƙorafi a kai har ƙarshen mako. Mai bugun da ya tsaya yana kallon ƙwallonsa ta tsallake katanga, a wajenka ba shi da tarbiyya, ko da kuwa ɗan ƙungiyarka ne. Ƙungiyar taka kuma ta fi shekara ashirin rabonta da kofi, amma kowace shekara sai ka rantse mana bana ce.

Mutane sun san bakinka, kaɗan ne suka san hannunka. Safar kamun ƙwallo da ta yage a ƙungiyar garin nan, wajenka ake kai ta, ka ɗinke da zaren takalmi ba ka karɓi ko sisi ba. Lokacin da matata ta rasu na rufe shago mako uku, ko abinci ba na iya ci. Ka zo ka buɗe da kanka, ka kunna talabijin, ka zauna kana zagin ƙungiyata da abin da ka san ƙarya ne, har na fito daga ɗaki da jan ido na ce ka maimaita. Muna cikin cacar baki na cinye burodinka uku ban sani ba. Sai daga baya matarka, Aling Meding, ta gaya mini tun a gida ka shirya zagin.

Gardama ɗaya ce tsakaninmu ba ta wasa ba, ita ce ta Perting. Perting, wato Ruperto Ilagan, ɗan unguwarmu, mai jifa da hannun hagu, shi ne wanda wata ƙungiyar ƙwararru a Taiwan ta ɗauka, garin nan kaf ya raka shi tashar mota. A shekararsa ta uku aka zarge shi da haɗa baki da 'yan caca ya zubar da wasa, aka kore shi, aka haramta masa wasa har abada. Ranar da labarin ya iso shagona cike yake. Na ɗaga murya na ce ya sayar da mu, ya sayar da garinsu, kuma irinsa ba ya cancanci a amsa masa gaisuwa. Ban lura mahaifiyarsa na bakin ƙofa da kwandon wainar shinkafar da take kawo mana ba. Ta juya ta tafi, ba ta sake bi ta layina ba har ta mutu.

Kai ka miƙe ka ce ba ni da hujja, kuma ba ka yarda ba. Da Perting ya dawo, ba wanda ya ba shi aiki, mutane na tsallaka titi idan sun hango shi. Ka ɗauke shi a wajen facinka, ka koya masa sana'a, ka riƙa zama da shi kuna cin abinci a bakin hanya don kowa ya gani. Wasu direbobi suka daina kawo maka taya, ka ce su kai wa uwarsu. Duk lokacin da zancen ya taso sai mu kama, ni in ce ya yi, kai ka ce in kawo shaida. Shekara goma sha tara muna haka.

Gaskiyar da ban gaya maka ba ita ce, ni na daɗe da saukowa. Ina kallon Perting daga ƙofar shagona, yana faci cikin rana, ba ya ha'inci, ba ya ɗaga ido. Na ce a raina mutumin nan ba zai yi abin da aka ce ba, Temyo ne ya yi gaskiya. Amma girman kai ya hana ni furtawa. Kullum sai in ce gobe.

Sai ka kwanta. Bayan aikin da aka yi maka a Agusta ka fara farfaɗowa, kana cin abinci, kana takawa zuwa ƙofa. A nan ne mu 'yan kallon besbol muka yi wautar da ba wanda zai yi sai mu. Kowa ya san ƙa'ida: idan mai jifa ya kai zagaye na shida ko na bakwai ba wanda ya iya buga masa ƙwallo ya tsira, ba a furtawa. Ba a yaba masa, ba a ko zama kusa da shi, don an yi imani furtawa na ɓata abin. Kai ne ka fi kowa riƙo da wannan. Ka taɓa korar ɗan sanda daga shagona, shagon da ba naka ba, don ya buɗe baki a zagaye na takwas. To, haka muka yi da ciwonka. Ba wanda ya ce ka samu sauƙi, ba wanda ya yi maka maganar da ta yi kama da ban kwana. Mu zo, mu zauna, mu yi zancen wasa, mu tashi.

Ranar Lahadin ƙarshe na zo da niyyar sauke abin da ke raina. Na ja kujera kusa da gadonka na ce, "Pare, maganar Perting ce."

Ka ɗaga hannu. "Kul, Pare. Kai da ba ka taɓa ba ni gaskiya ba, yau ka zo ka ba ni? Ka cire rai da ni ke nan? Zauna can mu yi kallo, wasa bai ƙare ba."

In faɗi gaskiya, daɗi na ji da ka hana ni. Kwana biyu bayan nan ka tafi.

Ranar binne ka, tun da a al'adarmu dangi ba sa ɗaukar akwatin gawar nasu, Aling Meding ta zaɓi mutum shida, ta sa ni da Perting a gefe guda. Na yi imani da gangan ta yi. Da aka gama, kamar yadda aka saba ba a wucewa gida kai tsaye daga maƙabarta, sai na ja shi wajen mai taliyar lomi a bakin kasuwa. Rabona da yi masa magana tun kafin ya tafi Taiwan. Na ce masa na zalunce shi, na zalunci mahaifiyarsa, kuma yanzu na san bai aikata ba, kamar yadda ka sha faɗa.

Ya daɗe yana juya cokali a kwano. Sannan ya ce, "Mang Densyo, na yi fa. Na karɓa, na zubar da wasan."

Na ce masa to ai ya yaudare ka ke nan, Pare.

Ya girgiza kai. "Tun makon da na dawo na gaya masa. Ya ce an riga an hukunta ni a can, ba sai an ƙara kashe ni a gida ba. Ya ce in ɗauko guduma in fara aiki."

Pare, taliyar nan ban iya ci ba. Shekara goma sha tara kana sane ni ne da gaskiya a kan abin da ya faru, kana zaune a shagona kana ce mini in kawo shaida, kana barin a kira ka mai taurin kai, don kada mutumin nan ya rasa mai tsaya masa ko ɗaya. Ni kuma da na zo ba ka haƙuri, ko dalilin haƙurin ban gane ba. Na ɗauka sai wanda bai yi laifi ba ake ji wa tausayi. Wannan ya fi rasuwarka yi mini ciwo, kuma ina jin kunyarka ƙwarai. Da yardar Perting na rubuta wannan. Ya ce ya gaji da ɓoyewa a bayanka.

Allah ya jiƙanka, Pare. Ya yafe maka kurakuranka, ya rufa maka asiri a gabansa yadda ka rufa wa bawansa, ya ba ka hutawa ta har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aling Meding, da Luningning da mijinta da 'ya'yansu, da dukan dangin Dimaculangan. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Ina kuma yi wa Perting ta'aziyya, shi da ya rasa wanda ya zame masa uba, ina roƙon mutanen Tanauan da suka karanta wannan kada su janye masa tayoyinsu. Wanda zai janye, ya fara janye kansa daga kujerar askina. Allah ya sa mu cika da kyau, amin.