Ruku'un Alhaji Ummaru

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙaramin asibitin nan na unguwar Ridina ya san Huseina, kuma ba kowa ke sonta ba. Doguwa ce mai kaifin ido, ma'aikaciyar jinya da ba ta yarda da bakin majiyyaci. Mai ihu ta ce allura yake kwaɗayi, mai shiru ta ce ɓoyewa yake. Kakanta Bakatsine ne, ya taso a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan bakin kogin Shari, zangon da bai tashi ba har ya mutu. Don haka Hausa take yi a gida, Larabci a titi, Faransanci a takarda, kuma ta ce da duk ukun an sha yi mata ƙarya.

Ba haka aka haife ta ba. A 1994 mahaifiyarta Hansai ta yi kwana tara tana cewa "da sauƙi", ita kuwa Huseina, da takardar jinyarta sabuwa fil, ta yarda, tana ta ɗirka mata maganin zazzaɓi. Sai bayan an kai tsohuwar makwancinta ta tuna cewa duk kwanakin nan a zaune take sallah. Abin nan bai daina cinta ba. Ta san mutanenta, ka ce Bahaushe ya faɗi zafin ciwonsa, gani yake ka ce ya kai ƙarar Ubangiji. Tun daga nan ta daina sauraron baki, ta koma kallon sallah.

A 2003 wani matashin likita, Dakta Yunusu, ya zo da kati mai lamba daga sifili zuwa goma, wai majiyyaci ya nuna inda ciwonsa ya kai. Huseina ta juya katin gaba da baya, ta taɓe baki. Da shi take fifita in an ɗauke wuta.

Ana haka aka kawo Alhaji Ummaru, ɗan Kano mai shagon atamfa a unguwar Bololo, kwana uku ciki na damunsa. Mijin 'yarsa, Idris, shi ya rako shi. Tana ganin ɗan rakiyar ta ce a ranta yau akwai aiki. Wane dattijo ne zai yi nishi a gaban surukinsa?

Aka miƙa wa Alhaji katin, ya ɗora yatsa a kan biyu. Likita ya danna cikin sama-sama, Alhaji ko gezau. Aka rubuta ƙwayoyi, aka ce ya tafi gida.

"Baba, a ɗan dakata in auna jini," in ji Huseina.

Idris ya harare ta. "Ke kuma, doktor ya ce kalas, an gama, me ya rage?"

Ta tura shi sayen maganin a can tsallaken titi, sannan ta durƙusa gaban tsohon. "Baba, tsakaninka da Allah, ya cikin?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Alhamdu lillahi."

Ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ga carbi a hannunsa ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba tun shigowarsa. Ta yi ta jan ƙafa, ta auna jini, ta sake aunawa, har aka kira azahar. Ta kawo masa buta, ta shimfiɗa tabarma, ta koma bakin ƙofa kamar mai jera kwalabe.

Alhaji ya tada kabbara a tsaye. Da ya zo ruku'u sai ya tsaya a rabi, hannunsa na dama ya kauce wa gwiwa ya dafe ƙasan ciki. Ya daɗe a haka, sannan ya sulale ya zauna.

Huseina ta bar kwalaben. Ta faɗa ofishin likita ko sallama babu. "Dakta, katinka ya ce biyu, mutumin kuwa ya kasa ruku'u."

Wannan karon Dakta Yunusu ya danna da kyau, ya ji cikin ya ƙame kamar katako. Kafin la'asar suna babban asibiti. Ashe afendis ɗinsa, ɗan tsiron nan na hanji, ya riga ya fashe, masu tiyata suka ce da ya kwana a gida, sai dai a yi zaman makoki.

Alhaji bai gode mata ba. Cewa ya yi wace irin mace ce ke leƙen sallar mutane. Bayan wata guda ya dawo a duba ɗinki.

"Ya jiki, Baba?"

"Da sauƙi."

Ba ta rubuta komai ba. Ta ajiye shi a benci yana ta mita har aka kira la'asar, ta kawo buta. Ta taga ta ga ya sunkuya, bayansa ya miƙe sambal, ya kai goshi ƙasa ya jima bai ɗago ba. Hansai ta faɗo mata a rai, idonta ya cika da ƙwalla. Ta goge da gefen ɗankwalinta, ta jawo takardarsa, ta rubuta cewa ya samu sauƙi.