Jana'izar Tsohon Hafsa a Dokki

A unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira na san telan nan ɗan Bangaladash, shi ke rage mini tsawon duk jallabiyar da na sayo. Mutum ne mai furfura, ba ya son surutu sai in an taɓo sojoji. Nakan tsokane shi cewa mu 'yan Najeriya mun fi su iya juyin mulki, ya ce wasan yara muke yi. A ƙasarsu, in ji shi, kafin wanda ya ƙwaci mulki ya gyara zama an tunɓuke shi, sannan a bi ƙananan sojoji da rataya.

Uban telan na cikin waɗanda aka rataye, kan zargin hannu a wani yunƙurin da bai yi nasara ba. Shi yana goye a lokacin. Ba a ba su gawa ba, ba a nuna musu kabari ba, uwarsa ta rasu tana tambaya. Hafsan sojan da ya yanke hukuncin kuwa ya tsufa lafiya lau, har ya tare a unguwar Dokki nan Alƙahira wajen ɗansa yana jan carbi. Telan ya sha zuwa ƙofarsa don kawai a faɗa masa inda kabarin yake, maigadi na korar sa.

Ran da tsohon ya mutu, telan ya rufe shago ya ce in raka shi jana'iza. Na ɗauka ya huce ne, har na ji haushinsa a cikin jirgin ƙasan metro.

Al'adarsu ce kafin a sallaci gawa, ɗan mamaci ya roƙi jama'a su yafe wa mahaifinsa. Ɗan ya roƙa, aka amsa baki ɗaya. Telan ya bari aka yi tsit, ya yi magana da yarensu, sannan ya maimaita da Larabci don Misirawa su ji.

"Ban yafe ba. Ku kun san inda za ku kai naku uban."

Liman ya ce ma'alish, a yi haƙuri, mamaci ne. Ɗan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa wallahi daɗi na ji har cikin raina, kuma har yau ban ga abin nadama a ciki ba.

Ba mu bi sallar ba, amma mun bi su har maƙabarta, telan ya lura da wurin sosai. Yanzu duk Juma'a yakan je can, ya tsaya a kan kabarin ya sake yin tambayarsa, ya juyo ba tare da ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a ba.