Ƙusa Biyu a Shagon Mai Labule

To, kin zauna? Matso ta nan dama, kunnen hagu ya daɗe da ajiye aiki. Uwarki ta ce wai ki rubuta tarihinta daga bakina ku saka a shafin nan nata na waya, wai masu saye suna son labari, kuma labari ne kaɗai tallar da ba a biyan kuɗinta. To ni dai abin da na gani zan faɗa. In ta ga wanda bai yi mata ba ta goge. Ke kuma amarya, ki rubuta yadda na faɗa, ban da ƙarin gishiri. Na san halinki.

Fara da cewa ni kafinta ne. Ƙofa da taga na yi ta yi har ido ya ce ya gaji. Ita kuma 'yata ce, kowa Mai Labule yake ce mata, har ni sunan ya bi bakina. Tun tana 'yar mitsitsiya nake tafiya da ita wajen aiki, tana riƙe mini bakin tef in ina awo. In na gama kafa taga sai ta ja baya ta ƙare mata kallo ta ce, “Baba, tsirara ka bar ta.” Mu yi ta dariya. Ashe sana'arta take hangowa.

Da mahaifinki ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ta dawo gidan nan da ke a goye da keken ɗinki na ƙafa. A barandar can ta fara. Labulen maƙwabta, rigar kujera, zanin gado, duk abin da aka kawo. Ba ta da yawan magana, uwarki, sai dai ka ji keke yana yi mata. A haka a haka har ta kama shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da magani. Shago ne siriri kamar aljihu, babu taga ko ɗaya, teburin yanka a ciki, keke biyu masu wuta, dutsen guga a lungu. Ranar da aka ba ta mabuɗi, a tafin hannu ta kawo mini shi kamar wadda ta ɗauko jariri. Ki rubuta wannan da kyau. Shagon nan shi ne guminta duka, ba ta da wani abin nunawa a duniya sai shi sai ke.

Shekaru ana ci ana sha. Sai aka zo aka gyara titin, aka raba shi biyu da kankare, aka hana mota tsayawa a gefe. Masu zuwa su ajiye mota su shigo su taɓa yadi, duk suka koma wucewa fuu. Mai faci ya tattara ya tafi. Uwarki sai ta wuni tana kaɗe ƙurar da ita kaɗai ke shigowa ba sallama.

Nan ne aka ce mata ai kasuwa ta koma cikin waya, kuma kyauta ne. Kyauta! Ni dai tunda nake ban taɓa ganin kyauta mai cin kuɗi irin wannan ba.

Da farko aka ce wayarta ba ta ɗaukar hoto mai kyau, ta sayi wata. Sai data, wadda ita ba ta ƙoshi. Sai yadin da za ta ɗinka don hoto kawai, ba wanda ya ce a ɗinka masa. Sai kuma aka tarar labule in aka rataye shi a jikin bangon shago, babu haske a bayansa, kamar shanya yake fitowa. Ana bukatar taga.

To a duk gidan nan taga ta kirki ɗaya ce, ta ɗakina. Wani mai kuɗi ne ya sa na yi masa ita tun ina da ƙarfi, ya zo ya ce ta yi faɗi, ba ya so. Na ɗauko abata na fasa bango na kafa. Gabas take kallo. In hantsi ya shigo har kan gado yake hawa, ya gasa mini gwiwoyin nan, ya fi mini duk wani man shafawa.

Uwarki ta zo ta durƙusa. “Baba, aron tagarka zan yi, na ɗan lokaci.”

Na ce, “Taga ai ba a hana ta labule.”

Tun daga ranar na zama ɗan gudun hijira a gidana. Da safe a tashe ni, a tura gado gefe, a ɓoye rediyona da kwalaben magani, a fito da ni baranda da buta a hannu. Har fenti aka yi, fari tas. Amma bango ɗaya aka shafa, wanda waya ke gani. Sauran ukun suna nan da dauɗarsu. Mutane suna ta rubuto mata, wane katafaren gida ne wannan? Da za a juya wayar kaɗan da sun ga takalmina.

Hoto ya yi kyau, amma ba mai gani sai dangi. Sai aka ce ai sai an biya masu shafin, su ne za su tura hoton gaban mutane. Ta biya. Ni yadda na fahimta, kamar kaza ce, ranar da ka daina zuba mata tsaba ranar take daina ƙwai. Kuma karon farko ba ta sa masa iyaka ba, abu ya yi ta jan kuɗi daga asusunta tana kan keke ba ta sani ba. Ranar da ta gane, ta dawo ta zauna a bakin ƙofar nan ba ta ko cire takalmi ba. Ban tambaye ta nawa ne ba. Fuskarta ta gaya mini.

Saƙo kam ya zo, kamar ruwan sama. “Nawa?” Ta ajiye almakashi ta amsa. Shiru. Wani ma, “Nawa?” Ta amsa. Shiru. Wata ta sa ta turo mata kala-kala har rana ta yi tsaka, sannan ta ce ai ita a wani gari take mai nisan gaske, kuma ma ba ta gama ginin ba. Keke yana tsaye, mai keke tana danne-danne. Wannan lokacin da ake ɓatawa ba wanda ya gaya mata shi ma kuɗi ne.

Sai wata mai mabiya da yawa, irin waɗanda in sun nuna abu ake rububinsa. Ta ce a yi wa gidanta labule kaf, kyauta, a ɗora mata da kuɗi a kai. Uwarki ta yi, har da kwanan zaune a kan keke. Matar ta tsaya a gaban labulen ta juya nan ta juya can, ta ambaci sunan shago sau ɗaya kamar mai tari. Kin san abin da masu kallo suka yi ta tambaya? Inda ta sayi takalminta.

Ki daina dariya ki rubuta. Ba abin dariya ba ne a lokacin.

Bayan wannan ne uwarki ta yi wa abin linzami. Ta ce duk abin da ya shigo a wata, za ta kasa goma, kashi ɗaya na talla ne a wata mai zuwa. A cikinsa data take, a cikinsa yadin hoto yake, a cikinsa kuɗin turawa yake. In ya ƙare ya ƙare, ko waya za ta yi kuka. Ta kuma hana a nuna wa na nesa, sai inda ɗan babur zai iya kai kaya ya dawo. Sannan ta ce in ba ta guduma.

Ƙusa biyu ta buga a bangon shago, sama da teburin yanka. Ɗaya ta waya, ɗaya ta ƙofa. Duk wanda ya sayi labule ya biya, ba mai tambaya ba, sai ta ce, “A ina kika gan ni?” In a waya ne ta ɗauki zoben labule ɗaya ta rataya a wannan, in wucewa yake ya ga shago ta rataya a waccan. Ni da ban san bihim ba, wannan karatun na iya shi.

Na ce, “Wannan kuma na mene ne?”

Ta ce, “Baba, mai shago ya ƙara haya. Baki biyu nake ciyarwa, shago da waya, kuma abincin na baki ɗaya ne. In shekara ta zagayo, ƙusar da ta gaza ita zan saki.”

Ta koma kan yankanta. Amma na yi awon gidan nan da hannuna, na san inda keke biyu da teburin yanka za su shiga in an bar shago. Wuri ɗaya ne, ɗakina.

Sai na shiga yaƙi. Kullum in an kore ni daga ɗaki sai in lallaɓa da sanda in je in kafa benci a ƙofar shago. Duk wanda ya gifta in yi masa sallama, in tambaye shi lafiyar tagoginsa. Na aika wa tsofaffin abokaina. Tsohon direba ya zo da wando a leda.

“Mai Labule, 'yata, ɗan kama mini gindin aljihun nan.”

Ta kama masa, ba ta karɓi komai ba. Na ce, “To sa masa zobe.”

Ta ce, “Baba, wando ne fa.”

Direba ya ce, “Kai kafinta, wai zoben me? Aure za ka ɗaura mini?”

Na ce, “Wa zai ba ka mata da wannan wandon? Ka sayi labule mana, mutumin banza, tagarka kamar bakin mahaukaci.”

Ya ce, “Ni jarida nake liƙawa, in na gaji da kallo in karanta.”

Mai gyaran agogo ne kaɗai ya ji kunyata, ya sayi ɗan guntu na ƙofar banɗaki. Zobe ɗaya. Na yi wata ina ƙone ƙeya a rana saboda zobe ɗaya. Ita kuwa ƙusar waya tana ta ƙiba a hankali, har sai da ta fara sunkuyawa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata mata ta tsallako kankaren nan da ƙafarta, ta shigo, ta zaɓi labulen falo da na ɗakuna, ciniki mai kauri, ta biya nan take. Ni a benci har na fara gyara zama. Uwarki ta ce, “Hajiya, a ina kika gan ni?”

Ta ce, “A waya. Na zo ne dai in taɓa yadin da hannuna.”

Da ta tafi na ce, “Ta ƙofa ta shigo. Da idona na gani, ba ta cikin waya ta ɓullo ba. Kuma da babu shago ina za ta taɓa yadin?”

Uwarki ta ɗauki zoben ta tsaya a gaban ƙusoshin. Ta daɗe a tsaye. A nan na gane ba ni kaɗai nake yi wa ƙusar ƙofa addu'a ba. Ta fi ni so. Hannunta har ya nufi can. Sai ta ce, “Da gida ne ma za ta zo ta taɓa,” ta rataya a ta waya, ta koma kan keke ta taka shi da ƙarfi don kar in sake magana.

Halinta ke nan, in kina son ki san uwarki. Ba ta yi wa awo ƙarya ko a kanta zai ƙare.

Da shekara ta cika ta mayar da mabuɗi. Ba ta bari na raka ta ba. Washegari ta shigo ɗakina da tef a wuya, ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, ta tambayi barci, ta sake tambayar gwiwa. Idonta yana kan daɓe, yana auna daga bango zuwa bango. Na ga in na bar ta za ta wuni a durƙushe.

Na ce, “Kawo bakin tef ɗin in riƙe miki.”

Na riƙe, ta ja. Teburin ya shiga, har da rarar taku ɗaya.

Shi ya sa kika same ni a nan, ɗakin da nake ajiye zarto da sauran kayan aiki. Uban Mai Labule guda, a ɗakin da babu taga. Ta ɗinka mini labulen ƙofa, mai nauyi, yadin da ya fi kowanne tsada. Na ce ta cire ta sayar, ta ƙi.

In sun tambaya ko an ci riba, ki ce ana ci ana sha, an gode Allah. Amma kuɗin turawar nan kullum hawa yake, abin da kashi ɗaya yake saya bara ba ya saya bana. Waya tana riga ta tashi, tana kuma gajiyar da ita. Bayanta ya fara lanƙwasa irin nawa, kuma ba ta kai shekaruna ba. Ƙusa ɗaya ce yanzu, ba ta da abokiyar gardama, in ta gaza ban san me za a saki ba. Masu niyyar shiga tallar waya kuma, ki ce in za su kasa kuɗinsu, su duba gidansu tukuna su ga tagar wa za a ara.

Wannan na ƙarshen na san za ta goge. Bar shi dai.

Ya isa haka, bakina ya bushe. Tashi ki leƙa ki ga ko sun gama ɗaukar hoton. In sun gama ki kai mini kujera bakin ƙofar tsohon ɗakina, in ɗan sami hantsin kafin ya wuce.