Kujeru Biyu na Gwaggo Hajo

Duk wanda ya san Gwaggo Hajo ya san ta da kujerunta 'yan tsugunne guda biyu, ɗaure da tsohon ɗankwali, a hammata. Haka take shiga taron daraktocin kamfaninmu na matsar man gyaɗa a nan Daura, inda ita kaɗai ce mace a cikinmu. Matan Sandamu da Baure da ke kawo mana gyaɗa su suka haɗa hannun jari suka turo ta. Ni kuwa, ɗan ƙaninta, dillancin hatsi ne ya kai ni teburin.

An tanadar mata kujera mai juyawa, ta ce ita ba farfela ba ce. Ta dasa 'yar tsugunnenta, ba abin da ake hangowa sai ƙullin ɗankwali. Shugabanmu, Alhaji Musa, sunan marigayi mijinta gare shi, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, anya kina ganinmu daga nan?"

"Mai sunan Malam, me zan yi da fuskokinku? Ƙafafu nake kallo. Duk wanda zai yi ƙarya a cikinku, ƙafarsa ke fara rawa."

Wallahi tun daga ranar manyan alhazai suka koma naɗe ƙafa kamar masu ɗaukar karatu!

Ranar da aka kawo tsire bayan taro, wani ya ce, "Hajiya, ke ce mace, taimaka ki raba mana." Na ce a raina, yau akwai kallo. Ta wanke hannu tsaf, ta janyo tiren gabanta, ta zaro tsinke ɗaya tak ta miƙa wa Alhaji.

"Ga naku, ku duka."

"Haba Hajiya! Wannan wane irin rabo ne?"

"Irin naku. Ba haka kuka raba kujeru ba?"

Ta ƙunshe sauran ta kai wa mata masu ɓarar gyaɗa. Na bi ta ina magiya, "Gwaggo, ko ni?" Ta ce, "Kai ma namiji ne, Sale, je ka nemi rabonka a tsinken."

Kujera ta biyun fa? Ba wanda ya isa ya taɓa ta. A gefenta take ajiye ta, ta kaɗe mata ƙura, ta ce ta mace ta biyu da za ta shigo cikinmu ce. Duk taro in Alhaji ya ce, "Akwai sauran magana?" sai murya ta fito daga ƙarƙashin tebur: "Ina ta biyu?" Ya ce an nema ba a samu wadda ta dace ba. Ta ce, "A ina kuka nema, a aljihun babbar rigarka?" Muna dariya, amma ita ba wasa take ba. Ta taɓa gaya mini a mota cewa tsoronta ɗaya ne: ranar da ta faɗi, a ce ai mata sun yi nasu, a rufe ƙofar.

Ta rasu ba ta ga mace ta biyun ba.

A taron farko bayan sadakar arba'in, Alhaji ya kawo sunan surukinsa don ya maye gurbinta, ya ce ai an duba cikin mata, babu. Ni ba mai dogon bayani ba ne. Na fita, na ɗauko kujerun daga bayan mota, na ajiye su a wurinsu, na zauna a ƙasa kusa da su. Na duba ƙarƙashin tebur.

"Alhaji," na ce, "ƙafarka na rawa."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido. A ranar aka zaɓi Malama Binta, shugabar matan Baure. Ita kan kujera mai juyawa take zama, amma ta hana a fitar da 'yan tsugunnen.

Kujera ta biyun dai har yau babu kowa a kanta. In Alhaji ya ce, "Akwai sauran magana?" sai mu yi shiru duka, mu ɗan sunkuya, muna jiran muryarta.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Ya yalwata miki makwanci, Ya zaunar da ke cikin 'yan uwa mata masu yawa, inda ba za ki sake zama ke kaɗai ba. Amin.