Cinyar Layya a Firijin Gwaggo

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin Gwaggo a Kebbe shi ne wani siririn ruwa ja-ja da ya fito daga ƙarƙashin firiji, ya bi tsagar siminti, ya shige ƙarƙashin tabarma. Ƙudaje uku na zaune a bakinsa kamar masu jiran mota. Na durƙusa ina gaisuwa, idona a ƙasa yadda aka koya mini, shi ya sa na gani. Wanda ya shigo da kai a sama leshi zai gani, da furen roba, da hoton ɗanta Yaya cikin rigar gama makaranta, duk a jere a kan firijin.

Rana ta huɗu ce ta babbar sallah, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Inna ta sa ni a mota daga Tambuwal in kai gaisuwa ga Kaka, mahaifiyar babana, da Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gida ta zauna da Kaka tun rasuwar mijinta. Na zo rungume da babban gwangwanin madara cike da soyayyen naman layyarmu. Sau uku Inna ta maimaita mini a tasha cewa naman nasu ne, gwangwanin nata ne, kada in dawo ba shi.

Na san wahalar da ke cikin gwangwanin nan, domin ni na yi fifitar wuta. An yi wa naman banda tun ranar sallah. Washegari Inna ta yanka shi ƙanana, ta sa gishiri, ta soya shi cikin kitsensa har ya daina tsartsatsi, alamar ruwan jikinsa ya ƙare. Ta bari ya huce, ta jera a gwangwani, ta kwarara kitse ya rufe shi. Dokarta ɗaya ce: jiƙaƙƙen hannu ba ya shiga, sai busasshen cokali. Da haka muke cin naman layya har cika-ciki, wata shekarar ma ya wuce.

Gwaggo ta buɗe murfin da yatsa biyu, ta leƙa, ta mayar.

“Har yanzu uwarki tana nan da suyar ga? Ku da kuke birni? To, an gode. Tura shi ƙarƙashin gado.”

Na tura shi kusa da tsofaffin takalma.

Yaya, ɗanta da ke aikin ofis a Sakkwato, shi ya aiko da firijin da azumi. Tun daga ranar Gwaggo ta raba mutanen duniya gida biyu: masu firiji da waɗanda Allah bai nufa ba tukuna. Ta sa an yi masa maratayi na ƙarfe, ta rataya kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Matan maƙwabta kan shigo su gaishe ta su gaishe shi. Wata tsohuwa har ta taɓa neman a ba ta ruwan cikinsa don ciwon ƙafa. Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce a unguwar, takan leƙo ta tafi ba sallama. A wannan karon ta yi musu kara, ta kwana biyu da sallah, sannan ta ɗauke. Ranar da na iso, kwana biyu ke nan ƙwan ɗakin bai ko ƙyafta ba.

A cikin firijin akwai cinyar rago sukutum, ɗanya. Gwaggo ta soya sauran naman ta raba, amma cinyar ta ware ta, domin gobe Yaya zai zo da maigidansa na ofis da abokai biyu, kuma ta rantse sai sun ci nama sabo kamar yanzu aka yanka.

Na ce, a hankali, “Gwaggo, ba wuta.”

“To sai mi? Sanyi shina ciki. Na kulle shi tun shekaranjiya. In ba a buɗe ba, ta ina za shi fita?”

Na dubi ruwan da ke bin tsagar siminti. Na ga ta inda yake fita.

A makaranta malamarmu ta taɓa cika allo da jerin abinci: madara kwana kaza a firiji, ɗanyen nama kwana kaza, dafaffe kwana kaza. Muka kwafa muka haddace don jarrabawa. Can ƙasa, inda alli ya kusa ƙarewa, ta rubuta ƙanana: idan akwai wuta. Rabin ajin ba su kwafi wannan layin ba, don an riga an kaɗa ƙararrawa. Ni na kwafa, saboda ba ni da ƙawar da ke jirana a waje.

A gidanmu ba mu da allo, amma kowane abinci da kwanansa. Miya in an tafasa ta da yamma a sake tafasawa da safe, ta kai gobe. In aka yi mantuwa sau ɗaya da damina, sai a ba bola. Tuwo ya kwana ya zama ɗumame, ba ya kwana biyu. Fura wuni guda, daga nan sai tsami. Kuɓewa da tumatir a yanka a shanya, wake a jarka a toshe baki, man shanu a soya shi kafin a ajiye. Inna ba ta taɓa kiran wannan ilimi ba. Cewa take yi, “Abinci ba ya jiran kowa.”

Ɗakin Kaka yana can ƙarshen tsakar gida. Ragayarta tana nan rataye, amma ba komai a kai sai ƙwarya mai ƙura, domin Gwaggo ta kwashe komai zuwa zamani. Idon Kaka ya yi rauni, hancinta ma ya yi ritaya, haƙoranta huɗu. Bara da damina ta ci wani abu da ya kwana, ta yi kwana shida a kwance ana ƙara mata ruwa, har an fara kiran dangi. Tun daga nan ta koma kamar kara. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana.

“Takwara, kin ji gobe za a yi romo? Ni aka fara zuba ma, kin sani. Kada ki sha mini a hanya, na san halinki, shiru-shiru macijin ƙaiƙayi.”

Na yi dariya don ta ji. Amma na san gaskiya ta faɗa. A gidan nan kwanon farko na Kaka ne, kuma mafi ƙanƙanta a gida ke kai shi. Wato ni.

Da safe Gwaggo ta kwance makulli. Sai da ta yi bisimilla, ta ɗage leshin, ta naɗe shi, sannan ta buɗe. Abin da ya fito ya riga mu isa ƙofa. Kyanwar gidan da ta taho da gudu jin ƙarar kwaɗo ta tsaya a dokin ƙofa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi tunani, ta juya. Cinyar tana kwance cikin ruwanta a faranti, ta yi laushi, gefen ƙashin ya yi kore-kore, tana yauƙi kamar an shafa mata kuɓewa.

Gwaggo ta ɗan ja baya, sannan ta tuna ko ita wace ce.

“Haka naman firiji yake in an buɗe. Ba ku saba ba ne. Ɗauko lemun tsami.”

Sau uku muka wanke shi. Ta sa na daka citta, da kanumfari, da masoro, da tafarnuwa, da barkono mai yawan da zai tashi matacce. Ta jefa daddawa biyar a tukunyar da biyu ke isa. Hayaƙi ya tashi, romo ya tafasa, tsakar gida ta cika da ƙanshin teburin mai kayan yaji. Amma ƙarƙashin duk wannan, abin yana nan zaune, kamar baƙon da aka rufa wa bargo ƙafafunsa na waje.

Ina fifita wuta ina shirya magana a zuciyata. Gwaggo, naman ga ya lalace. A'a, wannan rashin kunya ne. Gwaggo, malamarmu ta ce. Wannan ya fi muni, za ta ce boko ya sa na raina ta, maganar ta kai Tambuwal kafin ni. A inda na tashi, yarinya ba ta ce wa babba abincinki yana wari. Ko a gaban tsarata ma ba na iya ɗaga hannu a aji.

Sai na lura da wani abu. Gwaggo mace ce mai ɗanɗane. Jiya da take miyar kuka, sau huɗu ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, tana gyaɗa kai tana yaba kanta. Yau tun da aka ɗora tukunya ludayi bai kusanci tafinta ba. Tana juyawa da hannu a miƙe, fuskarta na kallon katanga.

Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya. “Wai romon ga sai na mutu za a yi sadaka da shi?”

Gwaggo ta cika ƙaramin kwano, ta tsamo tsoka biyu masu laushi, ta miƙo mini. “Kai ma Kakarki.”

Na karɓa. Na miƙe. Na tsaya a wurin. Kwanon yana ƙona mini yatsu, ni kuwa ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa.

“Mi kike jira?”

“Gwaggo,” muryata ta fito kamar ta sauro, “gishirin. Ba ki ɗanɗana ba. Kaka ba ta son gishiri ya yi yawa.”

Ta dube ni. Ban taɓa sanin kallo yana da nauyi ba sai ranar. Ta fizgi ludayi, ta ɗiga romo a tafinta, ta ɗaga zuwa baki. Hannun ya tsaya a daidai haɓa. Na ga hancinta ya motsa. Romon ya gangara ta tsakanin yatsunta ya ɗiga a ƙasa, ita kuwa tana tsaye.

Can ta goge hannu a zane.

“Ragon ga,” in ji ta, “tun shina da rai ban yarda da shi ba. Kin ga idonshi? Na faɗa ma mai sayarwa.”

Daga rago ta koma kan mahaucin da ya feɗe shi, daga nan ta sauka kan matan maƙwabta masu shigowa kallo da baki ba Masha Allahu. Kowa ya samu rabonsa. Firiji kaɗai ya fita ba laifi, har ta sa na wanke shi na mayar masa da leshinsa. Romon kuwa, ba ta yarda a zubar a kwata ba, kada unguwa ta ji labari. Rami muka haƙa bayan ɗaki muka binne shi, da tsoka da ƙashi, ta tattake ƙasar da ƙafa.

Rana ta take tsaka, baƙi na hanya, ba nama a gidan ko na rantsuwa. Gwaggo ta zauna a kan turmi. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Ina tarkacen nan na uwarki?”

Na jawo gwangwanin daga cikin takalma. Da ta kai cokali jiƙaƙƙe, bakina ya riga ni: “Busasshe ake sawa.” Ta harare ni, amma ta goge shi. Aka yi miyar tumatir da soyayyen naman, aka bar shi ya dahu ya yi laushi, aka dafa shinkafa. Na kai wa Kaka kwanon farko. Ta tsotsi tsoka ta ce romon ya yi kauri, amma ta ga alama an fara koyon girki a gidan.

Baƙi suka ci a zaure har suka nemi ƙari. Da na je kwashe kwanuka na ji maigidan Yaya yana cewa rabonsa da nama mai wannan ɗanɗano tun na kakarsa. Yaya ya shigo tsakar gida yana washe baki.

“Hajiya, kin gani? Kwana biyar, kamar yau aka yanka! Ban faɗa miki ba? Ke kuma ƙauyus,” ya juyo kaina, da yake abokin wasana ne, “ki koma ki ba su labari a Tambuwal, su bar ƙona nama cikin kitse.”

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, “Ai abin sai wanda ya iya.”

Gwangwanin ya ɓace tun kafin Yaya ya shigo. Na ga lokacin da ta sa shi a firiji ta danna kwaɗo, domin nan ne kaɗai wurin da ba mai buɗewa.

Washegari na yi ta neman in same ta ita kaɗai, ban samu ba. Yaya yana shan shayi a ƙofar ɗaki, maƙwabta biyu sun shigo jin yadda baƙi suka yaba, Gwaggo tana tsakiya tana bayanin yadda ake kulle sanyi. An fito da Kaka tana shan hantsi. Mai babur ɗin da zai kai ni tasha ya yi hon sau biyu a waje. Na tuna fuskar Inna a tasha da yatsanta a ɗage.

Na durƙusa na yi sallama, idona a ƙasa. Tsagar simintin ta bushe. Na so in yi ƙasa da murya sosai, kuma har yau ban san ko na yi ba.

“Gwaggo, don Allah a buɗe firiji a ba ni gwangwanin naman jiya. Inna ta ce kada in koma ba shi, da shi za ta aiko na baɗi.”