Ranar da Taɓarya Ta Riƙe Mini Saƙa

Komai zan manta a duniya, ban da yammacin da saƙa ta ɗaure ni a tsakar gidanmu na Zongo.

Ni Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Lokacin da 'yata ta fari ta sami karatu a ƙasar sanyi, na ga wata Baturiya a waya tana saƙa bargo mai kauri, ba allura ba komai, da hannuwanta kawai. Na yi ta maimaita kallo ina tambayar kaina, wai ta ina zaren nan yake bi? Ko hular jariri ban taɓa saƙawa ba, amma na ƙudura yarinyar nan ba za ta tafi ba sai da aikin hannuna.

Zare mai kaurin nan babu shi a Lome, wa zai saya a wannan zafi? Sai na sayo rigunan sanyi na gwanjo, na warware su, na riɓanya zaren na murɗe har ya kai kaurin babban yatsa. Wannan kaɗai ya ci mini mako biyu, ban zauna saƙar ba sai ana gobe tafiya, bayan azahar. Uwar mijina, da muke kira Inna, tana zaune a tabarma tana kallona. "Mutane na neman fanka," in ji ta, "ke kina saƙa bargo."

A irin wannan saƙa hannunka shi ne allurar. Maɗaukan zaren duk suna jere a jikinsa, daga wuyan hannu har sama da gwiwa, in ka zare shi aikin ya warware. Baturiyar ba ta ce komai a kan haka ba, ai ba ta alwala. Na kai rabi, gumi na zuba, sai aka kira la'asar, ni kuwa ba ni da alwala. Na ce bari in ƙara layi ɗaya. Na ƙara biyar, rana ta fara ja, hankalina ya tashi.

"Mama, ki zare hannun kawai," in ji 'yata. "Zan sayi wani a can."

Wallahi maganar ta yi mini ciwo, har idona ya kawo ruwa. Inna ta taso, ta kama damtsena ta gwada kaurinsa da yatsunta. Ta nufi gindin turmi, ta dawo da taɓaryar sakwara tana goge ta da bakin zane. Ta ɗora kan taɓaryar a tafina, ta shiga tura maɗaukan ɗaya bayan ɗaya, daga hannuna zuwa jikin itacen.

"Taɓarya ba ta salla," ta ce. "Bari ta riƙe miki."

Na yi sallata, na dawo na karɓi saƙata ko maɗauki ɗaya bai zame ba, kafin isha'i na gama.

Tun daga ranar, kafin in ɗauki aiki sai na tambayi inda zan ajiye shi, kuma ba na raina tsohuwar da ke yi mini dariya, don mai dariyar ce ke kallo da kyau. Inna ta rasu bara. 'Yata ta ce har yau ba ta wanke bargon ba, wai tsakiyarsa yana ƙanshin doya.