Akwatin da na zaɓa wa Ustaz Haruna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ustaz Haruna ya rasu. Yau da safe na ji, ina tsaye a ƙofar shagon mai intanet a kasuwar Damazin.

Saƙon murya ne daga matarsa Zahra'u. Da na duba, kwana huɗu ke nan da ta yi shi, sai yau ya samu shabaka, wato netwok, ya shigo. Kwana huɗu ina ci ina sha, har da dariya, shi kuwa yana kabari.

 In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yana cikin ƙauyukanmu na Hausawa ta wajen Wad Haddad, wanda ya sani ya sani. Don girman Allah kada kowa ya rubuta shi a kwament, akwai sauran mutanenmu a can.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka koyar a firamare ɗaya shekara shida, shi Larabci, ni lissafi. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da aka turo ni ban san kowa ba, na sauka daga bas da jaka ɗaya ina ta dube-dube. Shi ya ɗauki jakar. Ya ce ɗakin baƙinsa ba kowa, in zauna kafin in samu wuri. Wata takwas na yi a ɗakin nan, ko sau ɗaya bai tambaye ni yaushe zan tashi ba.

Lokacin da babana ya kwanta ciwo na tafi jinya, shi ya riƙe min ajina sati uku. Mutumin da ya tsani lissafi. Da na dawo na tarar ya koya wa yara jadawalin bakwai da waƙa.

Shi ya fara ɗora min gita a cinya, ina da shekara ashirin da bakwai, yatsuna kamar itace. Ya ce ba komai, hannun da ya iya cirar auduga zai iya tsirkiya.

Yana da wata tsohuwar amfilifaya da yake zuwa biki da ita. In ya kunna ta a ƙarƙashin rumfar gidansa, har masu ban-ruwa a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, suna ji. Amma ba biki ne a ransa ba. Burinsa ya yi rikodin waƙoƙin mahaifiyarsa, Inna Ladi, waɗanda ta gada wurin kakarta, na cirar auduga, na daka, da na doguwar tafiyar da kakanninmu suka yi daga yamma. Yakan ce yaran yanzu Larabci ya cinye musu baki, ranar da Inna ta tafi waƙoƙin nan sun tafi. So yake ita ta rera, shi ya bi ta da gita a hankali, a gida, ba sai an je situdiyo ba.

Sai yaƙin nan ya iso mu.

Ni na gudo Damazin da iyalina. Shi ya ƙi, saboda Inna ba ta iya doguwar tafiya, ga dawarsa a hawasha, gonarsa ta ban-ruwa, ta kusa nuna.

Daga nan amfilifaya ta zama abin tsoro. Duk gidan da aka ji ƙara, an san akwai batir ko sola, kuma masu bindiga za su zo. Ya naɗe ta da buhu ya tura ƙarƙashin gado. Wata biyar bai taɓa gita ba.

Wata rana ya turo min saƙo, ya ce ya ji akwai wani ɗan akwati, modela ake ce masa, wanda ke kwaikwayon muryar amfilifaya. Ka jona gita, ka sa hedfon a kunne, kai kaɗai kake ji, ko na kusa da kai ba ya ji. Ya ce in bincika masa tunda ni ina da shabaka.

Kusan wata biyu muka yi muna wannan zaɓen. In na tura masa hotuna, sai ya samu ranar da hanya ta yi sauƙi ya taka zuwa inda ake kama shabaka ya duba, ya amsa, ya goge komai daga wayar kafin ya koma. Wani lokaci amsa ɗaya sai ta yi kwana goma.

Na fara nuna masa babba, irin wanda ake takawa da ƙafa. Ya ce wannan sai da kahraba ta bango, su kuma rabon su da wuta har sun manta. Muka bar shi.

Na ce to ya sa manhaja a waya, akwai ɗan kebul da ake jona gita da shi. Wani ɗan kasuwa ya kai masa ya gwada. Ya ce wayarsa ta tsufa, in ya taɓa tsirkiya sai sautin ya yi jinkiri kafin ya zo kunne, kamar ka yi sallama a amsa maka bayan ka wuce gidan. Kuma waya ita ce abin da ake fara ƙwacewa.

Ya rage guda biyu ƙanana, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. Ɗaya baƙi ne, abin murɗawa uku kawai, ba sikirin, muryoyinsa ba yawa. Ɗayan yana da sikirin mai launi da fitilu, da batir a cikinsa, yana ɗaukar rikodin kai tsaye a kan memori, ba sai da waya ba.

Shi baƙin yake so. Saƙon yana nan a wayata: "Sale, ni murya ɗaya nake nema, mai tsabta, wadda ba za ta danne ta Inna ba. Kuma abu mai fitilu da yawa yana jawo ido."

Ni na matsa. Na ce baƙin ba shi da batir, ba ya rikodin da kansa, zai sake komawa kan waya. Na yi ta kawo hujja kamar ina gaban allo. A ƙarshe ya ce to khalas, ni na fi shi sanin jihaz, wato na'ura, in sayi wanda na ga ya dace.

Na sayi mai sikirin.

Ban yarda in ba kowa saƙon ba, na ce ni zan kai da kaina, dama ina son in gan shi. Matata ta yi kuka ta ce kada in je. Na tafi.

Bayan mun wuce Makwar muka tarar da shinge. Aka sauke mu duka daga motar, aka ce kowa ya buɗe kayansa a ƙasa. Wani mai bindiga, fuskarsa a naɗe da rawani, ya ɗaga akwatin ya danna wani maɓalli, sikirin ya kama, fitilu suka fara walƙiya. Sai na ga ya ja baya, ya gyara riƙon bindigar.

"Da shinu?" Wato mene ne wannan.

 Na ce na kiɗa ne. Ya ce ƙarya nake, irin wannan ne ake jan musayyara da shi, jiragen nan marasa matuƙi. Ya sa na durƙusa a kan kwalta, rana tsaka, bakin bindiga a bayan kunnena. Ina jin matan da muke mota ɗaya suna salati ƙasa-ƙasa. Wallahi ban tuna kowa ba a lokacin, ko 'ya'yana. Abin da nake ji kawai zafin kwaltar a gwiwata.

Kwalin da akwatin ya zo a ciki ne ya cece ni. Wani daga cikinsu ya ɗauke shi ya juya, ya ga hoton gita a jiki, da hoton wani mutum da hedfon. Ya nuna wa ɗan'uwansa, suka yi dariya, aka harbo min akwatin da ƙafa aka ce in tashi.

Da na isa ban gaya wa Ustaz wannan ba. Na ga yadda ya rame, na ga yadda Zahra'u ke leƙa waje duk lokacin da babur ya wuce, na ce ba zan ƙara musu ba.

Da hantsi ne, washegari, muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa. Ya ciro gitar, ya share ƙurar da hannun rigarsa, ya jona. Ya daɗe yana murɗawa yana wuce muryoyi, masu ƙara, masu amo kamar cikin rijiya, duk yana girgiza kai. Can sai ya tsaya. Ya rufe ido ya kaɗa kusan minti biyar, ni ba abin da nake ji sai ɗan ƙas-ƙas na tsirkiya. Sannan ya cire hedfon ya sa min a kunne.

Muryar tsohuwar amfilifayarsa ce sak, mai laushi, kamar muna ƙarƙashin rumfa kafin komai ya lalace.

Ya ce, "Ka ga, yanzu ko suna bakin ƙofa ba za su ji ba."

Aka shigo da Inna Ladi ta zauna a bakin gado. Ta rera guda ɗaya ta daka, murya ƙasa-ƙasa, tana buga cinyarta. Da aka sa mata ta ji kanta sai ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce ashe haka ta tsufa.

Da azahar na yi shirin komawa. Inna ta ce ba zan tafi hannu wofi ba. Ta auno gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, aka rasa abin zubawa, sai ta ga kwalin a gefe ta zuba a ciki ta ɗaure da zare. Na karɓa na yi godiya. Ustaz ya raka ni har bakin tur'a, ya ce in gaida yara, in kuma daina tsoron kamun tsirkiya ta shida. Nan muka rabu.

Ban yi tunani ba. Wallahi ko kaɗan ban yi tunani ba, sai yau.

Zahra'u ta ce wata rana bayan la'asar masu bindiga suka shigo, gida-gida suna bincike. A cikin rumbu suka samu akwatin, inda yake ɓoye shi. Suka kunna, fitilu suka kama. Ya ce musu na kiɗa ne, su bari ya ɗauko gita ya nuna musu. Ba su bari ba. Suka ce ya faɗi wa yake yi wa aiki. Suka tafi da shi a bayan mota, ba ko takalmi. Bayan kwana biyu masu ban-ruwa suka gan shi a gefen gona, aka yi masa sutura da mutum bakwai.

Kwalin yana nan a ɗakina, da sauran gyaɗar a ciki.

Ban sani ba ko da sun ga kwalin za su ƙyale Ustaz. Malamin unguwarmu ya ce min ajali ba ya jiran kwali, kuma na yarda, Allah ne mai rayawa mai kashewa. Amma ni na san abin da ya cece ni a kan hanya, kuma na san ni na ƙi gaya masa. Zahra'u ba ta ɗora min laifi ba. Cewa ta yi in yafe masa in ya taɓa yi min wani abu. Wai ni ne zan yafe masa, shi.

Wasu za su tambaye ni waƙoƙin. Guda biyu ya samu ya turo min, sauran suna kan memorin da aka tafi da shi. Ba zan sa su a nan ba yanzu, kuma yau ban iya buɗe su ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙarshen saƙon. Ta ce za su fita da asuba a keken jaki, ita da Inna da 'yan matansu biyu, ko Managil ko Makwar, duk inda hanya ta buɗe. Ta ce maganin hawan jinin Inna ya ƙare. Daga nan saƙon ya yanke. Na kira ya fi sau talatin, wayar a kashe.

Duk wanda ke tashar Managil ko Makwar, ko makarantun da aka sauke masu gudu, ya duba min. Tsohuwa ce doguwa, tana ɗingisa ƙafar hagu, ba ta jin Larabci sosai, in ka yi mata Hausa za ta amsa. Wanda ya gan su ya yi min magana ta inbos, kada ya rubuta a fili.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haruna. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓe shi cikin shahidai, ka saka masa da alherin da ya yi min da wanda ya yi wa 'ya'yan mutane. Ka yafe min abin da na sani da wanda ban sani ba. Ka rufe idon azzalumai daga kan iyalinsa, ka sauke su inda akwai ruwa da inuwa.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙon ku Fatiha ɗaya da Ƙulhuwallahu gare shi. In kun idar kada ku sauke hannu, ku ƙara da mata huɗu da ke kan hanya yanzu haka.